Karaya da ɗori a cikin ƙwayar jiki

A 'yan shekarun nan masu tallan magani a Jos sun sake salo. Da can basir da sanyi da shawara ne ke cika lasifikokin motocin da ke fakawa a Terminus da Farin Gada. Yanzu kuwa ga wasu ƙwayoyi da garin sha masu ɗan karen tsada, ana tallansu a WhatsApp da ɗakunan taron otal, wai suna gyara DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki. Ba ɓata wa kowa kasuwa nake son yi ba, amma wanda ya san yadda gyaran DNA ke gudana a jiki, da wuya ya zaro kuɗinsa. Aikin ba ya jiran kafso. Dare da rana ake yin sa a cikin kowace ƙwayar jiki mai rai, wato sel. Abin da ya fi ɗaure mini kai game da shi kuwa shi ne yawan sassaucin da ke ciki. Sau da yawa sel ba ta samun damar yin gyara marar aibi, sai dai ta dubi ɓarna biyu ta ɗauki mai sauƙi. Daga wannan zaɓen lafiyarmu ke fitowa, daga nan kuma wasu manyan cututtukanmu ke samun ƙofa.

DNA ɗin da ke cikin sel guda, in aka miƙe shi, ya kai kusan mita 2. An nannaɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, kimanin biliyan 3 daga kowane ɓangare. Zare biyu ne suka murɗe da juna, A na fuskantar T, G na fuskantar C. Da Watson da Crick suka bayyana wannan siffa a 1953, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin, hankalin kowa ya tafi kan yadda ake kwafi: a raba zaren biyu, kowanne ya zama abin dubawa. Sai daga baya aka fahimci cewa jarin gyara ma ke nan. In gefe ɗaya ya lalace, ɗaya gefen na riƙe da bayanin.

An daɗe ana ɗaukar DNA a matsayin abu mai ƙarko, tunda shi ke ɗauko gado tun daga kaka da kakanni. Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, ya auna a farkon shekarun 1970 ya tarar ba haka ba ne. Ko ba guba, ko ba rana, ruwan cikin sel da ɗumin jiki kaɗai sun isa su zubar da haruffa kimanin 10,000 daga DNA na kowace sel a kullum. Harafin C kuma yakan rikiɗe ya zama U, wanda ba ɗan gida ba ne a DNA, in aka ƙyale shi kwafi na gaba zai fito da harafin da bai dace ba. Ga kuma iskar oksijin da muke ƙona abinci da ita, burbushin wannan ƙuna na far wa harafin G. Lindahl ya ga cewa da irin wannan saurin lalacewa rayuwa ba za ta yiwu ba sai da masu gyara, sai ya shiga nemansu. A 1974 ya gano inzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki a cikin sel, mai tsince U. Wannan ya tsince harafin, wani ya yanka wurin, wani ya cike gurbin yana duba ɗaya gefen, na ƙarshe ya liƙe. Gyaran yau da kullum ke nan, ba wuya, kuma da ƙyar yake kuskure.

Ɓarnar rana ta fi wannan kauri. Mu a Jos sanyi na yaudararmu. Garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi kuwa hasken UV, wanda ido ba ya gani, ƙaruwa yake da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk hawan mita 1,000. Mutum na ƙudundune cikin rigar sanyi, fuskarsa da wuyansa na shan rana fiye da yadda yake zato. UV na manne haruffa biyu maƙwabta, galibi T da T, su zama ƙulli da ke karkatar da zaren. Irin wannan ba ya tsintuwa da harafi ɗaya. Wasu furotin masu sintiri ne ke bin zaren suna laluben inda ya karkace, su yanka gaba da baya, su cire guntu mai haruffa kimanin 30, a sake rubuta wurin. Wanda ya fayyace matakan wannan aiki shi ne Aziz Sancar, haifaffen wani ƙaramin gari a kudu maso gabashin Turkiyya, wanda iyayensa ba su iya karatu da rubutu ba, ya kuma fara da aikin likita a karkara kafin ya tafi Amurka. Shi da Lindahl da Paul Modrich suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015.

Akwai yaran da ake haifa da wannan hanya a toshe, cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da XP. James Cleaver ya nuna a 1968 cewa sel ɗinsu ba sa iya cire ƙullin UV. Tun suna ƙanana fatarsu ke tabo, kansar fata ta kama su kafin su balaga, in ba an raba su da rana ba. Wannan cuta ba ta da yawa. Wanda muke gani kullum a unguwanninmu shi ne zabiya, kuma tasa matsalar daban ce. Masu gyaran jikinsa lafiya lau suke. Abin da ya rasa shi ne melanin, launin da ke taruwa a saman cibiyar sel yana tare hasken. Ɓarnar da ke shigowa ce ta fi ƙarfin masu gyaran, kuma duk ƙullin da aka makara a kansa har lokacin kwafi ya yi, yana iya zama kuskure na dindindin. Shi ya sa kansar fata ke cin zabiya da yawa a ƙasar nan tun da ƙuruciyarsu. Iyayen da ke tura yaro zabiya talla ko gona da tsakar rana, ba malafa, ba riga mai dogon hannu, ba su san abin da suke tara masa ba, domin sai bayan shekaru abin ke bayyana.

Wata ɓarnar a cikin buhu take. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kan kama wata fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin. A 1960 duniya ta san wannan guba, sa'ad da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar Brazil. Hanta, garin ƙoƙarin sarrafa gubar, sai ta mayar da ita wani sinadari mai maƙalewa a jikin harafin G. Hanyar da ke cire ƙullin rana ita ke cire wannan ma, amma in kullum ana ci, wasu na kuɓucewa, G ya koma T. Tun 1991 masu bincike suka lura cewa kansar hanta a wasu yankunan China da kudancin Afirka, inda ake cin gurɓataccen hatsi, tana ɗauke da canji iri ɗaya a wuri ɗaya, gurbi na 249 na ƙwayar gadon p53, wato yankin DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin p53 da ke hana lalatacciyar sel rabuwa. An ga haka a Gambiya ma. In mutum na ɗauke da ciwon hanta na B, wanda ke sa sel ɗin hanta su yi ta mutuwa suna sake rabuwa, haɗarin ninkin-ba-ninkin yake yi. Wutar girki kuma ba ta kashe aflatoksin. Kowa ya san ruɓaɓɓiyar gyaɗa ba zubar da ita ake ba, da arha ake sayarwa, ta ƙare a ƙuli-ƙuli ko abincin kaji. Shanya amfanin gona ya bushe ƙayau a kan tamfol, da Aflasafe, maganin rage wannan guba da cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ta samar domin gonaki, da allurar ciwon hanta na B da ake yi wa jariri a ranar haihuwa, wadda ta shiga jerin rigakafin Nijeriya tun 2004, kowane ɗaya daga cikinsu ya fi tarin kafso kare DNA.

Duk wannan ɓarna ce ta gefe ɗaya, kuma muddin sel na zaune ba ta rabuwa, tana da lokaci. Haɗarin gaske na zuwa ne ranar da za ta rabu biyu, domin dole ta kwafe haruffa biliyan 6 kaf, ba ragi ba ƙari. Jiki kuwa ba ya hutawa da rabuwa. Ɓargo kaɗai na fitar da jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, shimfiɗar cikin hanji kuma ba ta cika mako ba tare da an sabunta ta ba. Injin kwafin na cin haruffa dubu ɗaya zuwa biyu a minti. Da a wuri guda zai fara, kuromosom mafi girma shi kaɗai sai ya ci fiye da wata. Saboda haka ake buɗe aikin a dubun-dubatar wurare, a kammala cikin awa 8 ko kusa da haka. Tun kafin a fara ake sa wa wuraren farawa alama, da zarar an fara kuma an rufe ƙofar sa alama, don kada a kwafe wani yanki sau biyu. Alamomin sun fi abin da ake buƙata yawa. Rarar na kwance ne, sai in aikin maƙwabci ya tsaya su farka su ƙarasa.

Folimares, inzayim ɗin da ke jera haruffa, yakan kuskure kusan sau ɗaya a haruffa 100,000. In ka buga lissafi, kurakurai 60,000 ke nan a rabuwa ɗaya, abin da ba jikin da zai ɗauka. Sai dai yana da halin ja da baya ya goge harafin da bai zauna daidai ba, wannan ya sauko da kuskuren zuwa kusan ɗaya cikin miliyan 10. A bayansa kuma akwai masu bita, waɗanda Modrich ya yi aiki a kansu. Wahalar aikinsu a nan take: ka tarar G na fuskantar T, to wanne ne mai laifi? Kowannensu harafi ne lafiyayye. In ka goge na tsohon zare, ka tabbatar da kuskuren da hannunka. Wasu bakteriya sun warware wannan da wata alamar sinadari da ke jikin tsohon zare, wadda sabon bai riga ya samu ba. A jikin mutum, giɓin da ba a gama liƙewa ba a sabon zare na cikin abin da ke tona asirinsa. Bayan bita, kuskuren bai kai ɗaya cikin biliyan ba. Iyalan da suka gaji rauni a wannan sashe, abin da ake kira ciwon Lynch, kansar babban hanji da ta mahaifa na yawo a cikinsu tun ba su tsufa ba.

Inda al'amarin ya fi tsanani shi ne in injin kwafin ya ci karo da ƙullin da ba a gyara ba. A gabansa akwai helikes mai warware zaren biyu. Folimares ya tsaya cak, helikes kuwa ya ci gaba da warwara, sai a bar dogon zare guda a tsirara, wanda abu kaɗan zai tsinka. Nan take wani furotin ya lulluɓe shi, wani mai suna ATR ya buga ƙararrawa: kada a buɗe sabon wurin kwafi, kada sel ta yi yunƙurin rabuwa, a riƙe injin kada ya wargaje. Wani lokaci aikin kan ja da baya, a yi amfani da sabon zaren ɗaya gefen a tsallake wurin. Wani lokaci kuma sai a sauke ƙwararren folimares, a kira wasu marasa tsantseni, waɗanda ke iya rubutu a kan gurɓataccen wuri ko ba su karanta shi sosai ba. Gaba kura ce, baya sayaki. A tsaya, zare ya tsinke. A wuce, ƙila a rubuta kuskure. Sel ta gwammace kuskuren harafi ɗaya da karaya. Mafi yawan canje-canjen da hayaƙin taba da rana ke bari a DNA, waɗannan folimares ɗin ne suka rubuta su. Duk da haka ba a rasa su a ji daɗi: akwai nau'in XP da masu shi ba su rasa komai ba sai ɗaya daga cikin waɗannan masu tsallake ƙulli, kuma kansar fata na kama su.

Wani abu da zai ba iyayen masu sikila mamaki: in masu bincike na son tsayar da injin kwafi da gangan a ɗakin gwaji, haidiroksiyuriya suke zubawa, domin yana rage wadatar haruffan da ake gini da su. Maganin nan ne dai da ake ba yaransu, a ma'aunin da likita ya tsara, wanda gwaje-gwajen da aka yi a Kano suka nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Dalilin da ya sa ake yawan auna jinin mai shan sa ke nan, don a ga bai rage wa ɓargo gudu fiye da kima ba.

In zare biyun suka tsinke a wuri ɗaya, an shiga wani babi. Babu ɗaya gefen da za a duba. Karaya guda irin wannan, in ba a ɗora ba, tana iya kashe sel, in kuma aka ɗora ta da bakin wani kuromosom, an haifi sabon abu da ba a san shi ba. Rushewar injin kwafi na kawo ta, haskoki masu ratsa jiki ma haka. Tun 1927 Hermann Muller ya nuna da ƙudaje cewa hasken X-ray na canza gado. Wannan ya shafe mu a Filato. Yashin da haƙar kuza ta bari a wuraren Bukuru da Barikin Ladi na ɗauke da ma'adinin monazait mai toriyom, kuma masu bincike sun auna tururin haske a irin wuraren ya ɗara na sauran ƙasa. Ni dai ba zan yaɓe ɗakin kwana da wannan yashi ba, komai arharsa.

Hanya biyu ce babba ta ɗora irin wannan karaya, kuma duk wanda ya taɓa kai yaro wurin mai ɗori zai gane bambancinsu. Akwai mai kama ƙashi ya haɗa baki da baki ya ɗaure nan take. Sau da yawa a warke lafiya, wani lokaci ƙafa ta ɗan gajarce. Akwai kuma mai natsuwa, wanda sai ya miƙe lafiyayyar ƙafar ya gwada da ita kafin ya ɗaure. A hanya ta farko, furotin mai suna Ku na kama bakin karayar biyu, a ɗan datse su, a liƙe. Ba ta cin awa guda, tana aiki a kowane lokaci, amma takan zubar da 'yan haruffa ko ta ƙara. Ta biyun na cin awoyi. Ana fere gefe ɗaya na bakin karayar har dogon zare ya fito, furotin RAD51 ya hau kansa, ya shiga neman inda rubutu iri ɗaya yake a tagwayen kwafin da aka gama yi, a kwafo abin da ya ɓace harafi da harafi. Sharaɗinta shi ne tagwayen ya kasance a kusa, wato lokacin kwafi ko jim kaɗan bayansa. Saboda haka a yawancin rayuwar sel, mai gaggawar ce ke aiki. Tana tsira da kurakuranta ne domin ɓangaren DNA da ke rubuta furotin kai tsaye bai kai kashi 2 cikin 100 ba, galibin tabon na faɗawa inda ba zai yi illa ba.

BRCA1 da BRCA2, sunayen da ake ji in ana maganar kansar mama, ma'aikatan hanya ta biyu ne. Na farkon na karkata aikin zuwa ɗorin natsuwa, na biyun shi ke ɗora RAD51 a kan zare, su biyun kuma na tsaron injin kwafin da ya tsaya kada a cinye sabon zaren. Mary-Claire King ce ta nuna a 1990 cewa akwai irin wannan ƙwayar gado a kuromosom na 17. Wadda ta gaji guda lalatacce tana da lafiyayye daga ɗaya mahaifin, kuma ya ishe ta. Sai ranar da wata sel a mama ko a ƙwan mace ta rasa na biyun, daga nan kowace karaya da gaggawa za a ɗora ta, kuromosom su yi ta cakuɗewa. Fiye da rabin matan da ke da lalataccen BRCA1 na kamuwa da kansar mama a tsawon rayuwarsu. Kada a ɗauka ciwon Turawa ne. Binciken da aka buga a 2018, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi kan mata 1,136 masu kansar mama a Ibadan, ya sami kusan ɗaya cikin bakwai da gadon irin wannan rauni, akasarinsu a BRCA1 da BRCA2. Namiji ma na ɗauka ya ba 'ya'yansa. Gidan da goggo da 'yarta da 'yar ƙaninta suka yi ciwon mama tun ba su kai 50 ba, asibiti ya kamata a nufa da tarihin gidan, ba a tsaya zargin kishiya ba.

To in sel na ɗora duk bakin da ta gani a sake, me ya hana ta liƙe ƙarshen kuromosom da juna? Barbara McClintock ta ga amsar a masara tun ƙarshen shekarun 1930: kuromosom da ya karye na mannewa da wani, a ja su wajen rabuwa su sake karyewa, haka dai ba iyaka, amma ƙarshen asali ba ya mannewa. A ƙarshen akwai telomiya, jerin TTAGGG da aka maimaita sau dubbai, an lanƙwasa shi an rufe da furotin don kada masu ɗori su gan shi. Injin kwafi ba ya iya kaiwa ƙarshen zare, don haka duk rabuwa telomiya na raguwa. Leonard Hayflick ya nuna a 1961 cewa sel ɗin mutum na rabuwa sau 50 ko kusa da haka su tsaya. A ranar Kirsimeti ta 1984 Carol Greider, tana ɗaliba a wurin Elizabeth Blackburn, ta ga alamar inzayim mai ƙara wa telomiya tsawo. Masu tallan maganin hana tsufa na son wannan labari, amma rabinsa suke faɗa. Gajarcewar telomiya birki ce. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na kansa sai da suka kunna wannan inzayim suka sami damar rabuwa ba iyaka.

Bayan kwafi saura rabo. Wani zobe na furotin mai suna kohesin ke riƙe tagwayen kuromosom tare, kuma ba a yanke shi sai kowannensu ya maƙale a igiyar da za ta ja shi. Ko guda ɗaya ya rage, kowa jira yake. Ƙwan mace tun tana cikin mahaifiyarta aka sa masa nasa zoben, shekaru na tafiya yana saki. Shi ya sa haihuwar yaro mai kuromosom na 21 guda uku ke ƙaruwa da shekarun uwa, har ta kai kusan ɗaya cikin 100 a shekara 40.

Mai yanke hukunci a kan duk wannan shi ne p53, wanda aka gano a 1979. In ɓarna kaɗan ce, ya tsayar da sel a gyara. In ta yi yawa, ya sa ta daina rabuwa har abada ko ta kashe kanta. Fatar da ke saɓulewa bayan ƙunar rana, gawar sel ɗin da aka yanke wa wannan hukunci ce. Kusan rabin kansar ɗan Adam na ɗauke da lalataccen p53, shi ya sa bugun da aflatoksin ke yi masa ya zama babban al'amari. Giwa, irin ta Yankari, kwafinsa kusan 20 take da shi, kuma duk girman jikinta ba ta cika yin kansa ba.

Abin da ya fi nuna cewa jiki ba kamala yake nema ba shi ne yana karya DNA ɗinsa da gangan. Fararen ƙwayoyin jini masu ƙera makaman garkuwa na yanka wasu ƙwayoyin gado su sake haɗa su, kuma ɗorin gaggawa ne ke haɗawa. Rashin daidaitonsa a nan riba ce, domin kowace sel na fitowa da makami daban, har jiki ya iya gane cutar da bai taɓa gamuwa da ita ba. Jaririn da aka haifa ba wannan ɗori, ba shi da garkuwa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a Uganda, ya bayyana wata kansa mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda asibitocinmu ma sun san ta sarai. A cikinta an ɗora guntun kuromosom na 8 a jikin na 14, ƙwayar gadon MYC mai umartar sel ta rabu ta faɗa ƙarƙashin makunnin garkuwa da ba ya mutuwa. Taswirar cutar na bin taswirar zazzaɓin cizon sauro, domin maleriya mai maimaituwa, tare da ƙwayar cutar Epstein-Barr, na tilasta wa waɗannan sel su yi ta rabuwa suna yanka DNA ɗinsu. Ƙarin na iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan saurin kuma shi ne lagonsa, magani mai lalata DNA na narkar da shi da wuri. Victor Ngu, likita ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, na cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker a 1972 kan wannan magani.

Galibin maganin kansa a kan wannan lago ya dogara. Gashi, wato haska ƙarin da haske mai ratsa jiki, da yawancin kemo, wato magungunan kashe sel ɗin kansa, ɓarna suke wa DNA da gangan, bisa lissafin cewa sel mai gaggawar rabuwa, wadda masu gyaranta suka raunana, za ta riga lafiyayya faɗuwa. Gashin kai da ɓargo da hanji na shan wahala ne saboda su ma masu saurin rabuwa ne. Ana raba gashi kaɗan-kaɗan a kullum har makonni don lafiyayyun sel su sami dare su yi ɗori. Marasa lafiya daga Jos sun daɗe suna zuwa Abuja ko Zariya neman gashi, kuma wanda kuɗi ya yanke masa a tsakiya ya dawo gida, ƙarin ne ya ba hutu ya farfaɗo. A 2005 ƙungiyoyin bincike biyu a Ingila suka nuna wata dabara mai kaifi: in aka toshe inzayim PARP, mai taimakon gyaran gefe ɗaya, ƙananan tsagu na zama cikakkiyar karaya lokacin kwafi. Lafiyayyar sel ta ɗora da BRCA ɗinta, sel ɗin kansar da ta rasa shi ta mutu. A 2014 aka amince da olaparib, na farko a wannan layi. Sai dai kafin a san wa zai amfana sai an yi gwajin gado, gwajin da maganin kuma duk sun fi ƙarfin aljihun yawancin mutanenmu.

Hatta sakacin ɗorin gaggawa an mayar da shi kayan aiki. Sikila canjin harafi ɗaya ce, A ya koma T a ƙwayar gadon haemoglobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, a kuromosom na 11. Maganin Casgevy, da aka amince da shi a Birtaniya da Amurka a ƙarshen 2023, bai taɓa wannan harafi ba. Ana ɗebo sel ɗin ɓargon majinyaci, a yi amfani da almakashin CRISPR a karya DNA a makunnin BCL11A, wanda ke kashe haemoglobin ɗin jarirai bayan haihuwa. Sel ta yi ɗorinta na gaggawa, ta zubar da 'yan haruffa, makunnin ya lalace, haemoglobin ɗin jarirai ya dawo ya hana jini lanƙwashewa. Kafin a mayar da sel ɗin sai an share tsohon ɓargo da busulfan, kemo mai ɗaure zaren DNA, wanda ke iya hana haihuwa. Farashin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, Nijeriya kuwa ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila a duniya.